Kafin Garma Ta Shiga Gonar Malam Gwadabe

Jawabin da Malam Ɗanliti, tsohon hedimasta, ya yi a taron addu'a da tunawa da marigayi Dakta Gwadabe, a filin firamaren Gangaren Marke, ƙasar Doguwa. Tsofaffin ɗaliban marigayin ne suka naɗi jawabin, suka rubuta shi yadda aka faɗe shi.

Ina farawa da sunan Allah, Mai rayawa, Mai kashewa, wanda ya halicci giwa ya halicci ƙwaro, bai manta da abincin ko ɗaya ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wakilin Hakimi, ranka ya daɗe, a isar mana da gaisuwa da godiya. Mai girma Dagaci, Allah ya ja zamaninka. Liman, Allah gafarta Malam, da sauran malamanmu da ke zaune kusa da kai. Shugabannin makarantu da kuka taso daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada, sannunku da hanya. Sarkin Noma Ɗantani, sannu da ƙoƙari. Ardo Zakari da jama'arka, jabbama, sannunku da zuwa. 'Ya'yan marigayi, Zayyad da Bushira, Allah ya ƙara muku haƙuri. Sai uwargidansa, Hajiya Safara'u, wadda ke cikin takaba a bayan katangar can. An ce mini lasifikar nan tana kai mata har ɗaki. Hajiya, ina gaisuwa, yaya ƙarin haƙuri? Jama'a, maza da mata, assalamu alaikum.

Ku gafarce ni in kun ga na kasa tsayawa wuri ɗaya, ina ta waigen gabas. Ba raini ba ne. Tun azahar hadari ke haɗuwa ta bayan dutse, kuma akwai maganar da nake so in gama kafin ya sauko. Kwanakin nan ba ni da sukuni ko kaɗan. Uwargidana Salamatu ta ce ko tuwo a tsaye nake cinsa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Ɗanliti. Mahaifiyata da mahaifin Gwadabe ciki ɗaya suka fito, wato taubashina ne. Tun muna yawo ba wando nake tsokanarsa, al'ada kuma ta ɗaure mini gindi, ba mai hana ni. Yau ga shi an miƙo mini lasifika an ce in yabe shi a gaban jama'a. Da yana nan da ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Ya kasance mutum mai kallon ƙasa. Mu in muna tafiya gabanmu muke duba, shi kuwa ƙasa yake duba. Muna yara, mahaifiyarsa Inna Lubabatu za ta ɗora masa ƙwaryar abinci ya kai wa manya gona. Rana ta take, manya na hamma, ba Gwadabe ba labarinsa. A aike ni nemansa, in same shi tsugune a kan burtali, ƙwarya a gefe ƙuda na binta, shi kuma yana bin buzuzu da ido ya ga inda zai kai ƙwallon kashinsa. Ya sha bulala a kan haka ba sau ɗaya ba. Bulalar ba ta ɗaga masa kai ba har ya koma ga Allah.

Ya kasance malami. Ya koyar da ilimin halittu a Bebeji, aka mayar da shi Kiru, aka kai shi Tudun Wada, duk inda aka jefa shi ya tafi da akwatinsa da tsohon babur ɗinsa bai yi ƙorafi ba. Da yawa daga cikinku da ke zaune a layin baya kun zauna a ajinsa, yanzu wasunku malaman asibiti ne, wasu malaman gona, wasu ma sun fi shi albashi tun yana raye. Kun tuna ranar da ya shigo aji da kashin shanu a cikin bokiti? Na ga kuna dariya, ashe kun tuna. Ya ce ba zai zana muku a allo abin da ke bayan ajinku da ransa ba. A nan kuka laƙaba masa Malam Buzuzu, kuna tsammani bai sani ba. Ya sani sarai. Ya ce mini sunan ya fi masa Dakta daɗi, alhali kuwa sai da gemunsa ya yi furfura ya koma jami'a ya zauna da sa'o'in 'ya'yansa kafin ya samo Daktan.

Ya kasance mai shiga tsakani. Shekarar da rikicin burtali ya kusa raba mu da mutanen Ardo, har an fara wasa adduna, kowa ya san wanda ya yi ta zirga-zirga tsakanin ruga da ƙofar Dagaci har tayar babur ɗinsa ta fashe. Bai yi mana wa'azi ba. Ya kwashe mu, manoma da makiyaya, ya kai mu inda shanu suka kwana, ya sa aka tona ƙarƙashin kashin. Muka ga ramuka, kowane rami cike da taki an shigar da shi cikin ƙasa. Ya ce, "Saniyar Ardo ta ajiye, buzuzu ya binne, dawar Sarkin Noma ta sha. In kun kori ɗaya, sauran biyun za su ji a jikinsu." Daga wannan shekarar muka koma kiran shanu gonakinmu bayan girbi kamar yadda iyayenmu suke yi. Ardo yana nan, in na ƙara gishiri ya gyara mini.

To, yanzu ku ba ni aron kunnuwanku, domin na iso inda nake son zuwa.

Wata rana da farkon damina, shekaru da yawa da suka wuce, ina zaune a zaure, sai ga shi ya faɗo mini ko sallamar kirki babu, wandonsa duk taɓo. Ya ce, "Ɗanliti, buɗe hannunka." Na ce, "In kashin shanu ne, riƙe abinka." Ya zaro kwalin ashana ya juye mini wani baƙin buzuzu a tafi, girmansa bai wuce ɗan goro ba. Ya ce, "Jefa shi sama." Na jefa. Ƙwaro ya dawo tim a kan tabarma, ya birkice, ya kama tafiyarsa. Ya ce, "Ka taɓa ganin buzuzun da aka jefa sama bai buɗe fiffike ba?" Na ce, "Ni ban taɓa jefa buzuzu sama ba, Gwadabe, ina da aikin yi."

Bai kula ni ba. Ya ja ni har gidansa, ya zaunar da ni gaban madubin nan nasa mai girmama ƙananan abubuwa, ya yi mini darasi kamar ɗan aji ɗaya. Zan maimaita muku shi, domin kafin a tashi taron nan za ku ga amfaninsa. Ya ce jikin ƙwaro kashi uku ne, kai da ƙirji da ciki, ƙafafu shida kuma duk a ƙirji suke. Kan buzuzu faffaɗa ne, gabansa da 'yan haƙora, da shi yake yankar kashi kamar shebur. Ƙafafun gaba masu zarto ne, na haƙa. Na baya dogaye ne sirara, da su yake mirgina ƙwallonsa yana tafiya da baya. Baƙin ɓawon nan da ke bayansa kuma, wanda muke ɗauka fata ce, ashe fukafukai ne guda biyu masu tauri, aikinsu murfi. A ƙarƙashinsu ake naɗe fukafukan tashi, masu laushi. Buzuzun da muka sani, in ya ji ƙanshin sabon kashi daga nesa, sai ya warware su ya tashi, ka ji ƙuginsa ya wuce ta kunnenka.

Na Gwadabe ba haka yake ba. Murfin nan biyu sun haɗe, tsagar tsakiyarsu ta manne kamar an yi mata walda. Ya ɗauko wata matacciya ya ɓamɓare murfin da allura, ya ce in leƙa. Inda ya kamata a ga fiffike babu komai sai ɗan guntun fata da bai kai ƙwayar gero ba. Kafaɗunsa ma a zube suke, babu ɗan tudun nan da masu tashi ke da shi. Wurin da fiffiken ya bari ya zama fanko, Gwadabe yana zaton shi ke taimaka masa riƙe laima a jiki lokacin zafi. Na ɗago kai na ce, "To, nakasasshe ka tsinto." Ya ce, "A'a. Duk na wurin haka suke. Haka Allah ya yi su, da ƙafa suke neman abincinsu."

Wurin da yake nufi kun san shi. Gonar gadonsa ce ta gindin dutse, inda shanun Ardo ke sauka.

Daga ranar mutumin nan bai sake hutawa ba, mu ma bai bar mu mun huta ba. Ya ce masana suna jera halittu yadda muke jera asali, a ce ƙabila kaza, zuriya kaza, gida kaza. Buzuzu yana cikin ƙwari masu murfin fiffike, a babban dangin da ake kira Scarabaeidae, sunan da sai da na ciji harshena kafin na iya faɗarsa. A cikin masu cin kashi kuma akwai masu zama a cikinsa, akwai masu haƙa rami a ƙarƙashinsa, akwai masu yankar rabonsu su mirgina su tafi. Nasa mai mirginawa ne. Zuriyar ya gane ta, ko yana kyautata zato. Gidan ne ya rasa. Ya auna shi da duk waɗanda aka rubuta a littattafan da hannunsa ya kai, bai dace da ko ɗaya ba. Ya bi duwatsu da makiyaya, ya je Yako, ya je gaɓar Tiga, ya shiga bakin dajin Falgore, yana tona kashin shanu mutane na yi masa kallon mai taɓin hankali. Bai ce babu shi a wani wuri ba. Ya ce shi dai bai gan shi ba sai a gonar nan.

Ya ɗauki samfuri ya kai wa abokansa masana ƙwari a jami'a. Suka duba, suka ce mai yiwuwa iri ne da ba a taɓa rubutawa ba, amma ba za su yanke hukunci ba, domin duk abin da ya kawo mata ne. Liman, a yi mini afuwa a kan abin da zan faɗa. Irin waɗannan ƙwari, 'yan uwan da suka yi kama da juna a waje, da gaɓar namiji ake rarrabe su. Ana fiddo ta a ƙarƙashin madubi, kowane iri da tasa siffar. In babu namiji, babu suna.

Namijin kuwa wuyar samu gare shi. Abin da Gwadabe ya lura da shi, matan suna yawo makonni, amma namiji ba ya fitowa fili sai safiyar da ta biyo ruwan farko mai jiƙa ƙasa. Ya taya macen mirgina ƙwallo, su shige rami, shi ke nan kuma sai baɗi. Ana gane shi da ƙafafun gaba, sun fi na mace tsawo, sun lanƙwasa ciki kamar lauje. Ruwan farko kuma bai san ranar aiki ba. Shekara da shekaru yana sauka Gwadabe na can wata makaranta yana tsaron jarrabawa, kafin ya iso rana ta yi, an shige.

Sai da ya yi ritaya ya dace. Ya kama namiji guda, lafiyayye, ya zo yana rawar jiki kamar an yi masa haihuwa. Ya soke shi da allura a kan ɗan katako, ya ajiye a tsakar gida ya sha iska. Aka yi sallama a ƙofa, ya fita. Ya dawo ya tarar da allura a tsaye, ba ƙwaro, kazar Hajiya kuma tana gefe tana goge baki a ƙasa. Jama'a, ku yi dariyarku, ni ma na yi, amma na ga dattijo da furfura ya zauna daɓas a ƙasa. Hajiya Safara'u ta miƙe. Ta kama kazar nan, wadda ta fi duk kajinta ƙwai, ta miƙa a yanka, ta buɗe ƙundun da hannunta ko za a dace. Aka sami guntun ƙafa ɗaya da ɓarɓashin ɓawo. Da yamma aka kira ni cin kaza. Ban taɓa cin nama a cikin makoki irin na ranar ba.

Ya ce ba komai, Allah ya kai mu baɗi. Baɗin ta zo, ruwan farko ya same shi a gadon asibiti a Kano. Bana kuma kun san yadda aka yi. Ya dawo gida jiki ya ƙi, zafin bazara ya danne gari. Zuwana na ƙarshe na same shi ya rame har na tsorata. Na ce bari in tsokane shi ko zai motsa, na ce, "Malam Buzuzu, kai ma ka daina tashi?" Ya yi murmushi. Ya ce, "Ɗaga mini labulen nan in ga gabas." Na ɗaga. Sama fes, ko ɗigon gajimare babu. Ya lalubo wata 'yar kwalba a ƙarƙashin matashinsa, wadda ya wanke ya tanada domin namijin, ya dube ta ya mayar. Ya ce, "Saura kaɗan." Bai kai ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi ina kewarsa, ban san zan yi kewarsa haka ba.

Ku dubi gabas, ya ƙara duhu. Bari in gaggauta.

Ranar da muka kai shi makwancinsa, hanyar dawowa daga maƙabarta ta biyo da mu ta gindin dutse. Muka ga gonar. Sabara ta rufe ta, ƙaya ko'ina, kandilo a warwatse, ko kunya ɗaya babu. Na ji dattawa suna cewa, "Gonar Malam ce ta zama haka muna raye?" Kunya ta kama mu duka. Sarkin Noma Ɗantani, Allah ya saka maka da alheri, ba ka kwana da maganar ba sai da ka kira gayya. Masu shanun huɗa suka ce suna ciki, har daga ƙauyukan maƙwabta. Wani tsohon ɗalibinsa da ke kasuwanci a Kwanar Dangora ya aiko da maganin feshi da irin masara. Mata suka ce fura da kunu nasu ne. An ɗaure gangar noma. Aka ce a sassabe, a fesa, a huɗe, a shuka, abin da aka samu a zuba wa Hajiya a rumbu. Aka sa rana yadda muka saba sawa, wato safiyar da ta biyo ruwan farko mai jiƙa ƙasa, lokacin da garma ke shiga.

Jama'a, wannan safiyar ita ce safiyar da namijin yake fitowa. In hadarin can ya sauka, gobe ke nan.

Ban taɓa ganin alheri mai tsabta irin wannan gayya ba, kuma ban taɓa jin tsoron alheri ba sai wannan karon. Ba wanda ya yi laifi. Gwadabe ya gaji da dariyar mutane, ya daina bayani. In an ce, "Malam, gonar nan fa?" sai ya ce, "A bar ta tukuna." Muka ɗauka rashin ƙarfi ne, wasu suka ce halin 'yan boko ne. Ashe da gangan ya hana ta garma. Ramukan ƙwarin nan ba su da zurfi, 'ya'yansu na ciki, kowane ɗa a cikin ƙwallonsa. Garma in ta wuce sai ta kife su a rana. Abin da ya tsira daga garma, feshi ya same shi. Sauran buzuzu in an dame su za su tashi su koma wata makiyaya. Wannan ina za shi? Daga gindin dutse zuwa bakin hanya, iyakar duniyarsa ke nan. Gonakin da ke kewaye duk muna huɗe su kowace shekara, kuma Gwadabe ya duba, ko ɗaya babu a cikinsu. Kafin azahar ɗin gobe, da kiɗa da guɗa da kyakkyawar niyya, za mu iya shafe abin da mutumin nan ya ƙare rayuwarsa yana tsaro.

Na san abin da wasu ke faɗa a ransu, kuma suna da gaskiya. Marainiya da gwauruwa ba sa cin buzuzu. Gidan nan yana bukatar hatsi. Fansho kun san halinsa, jinya kuma ta cinye abin da aka tara. Wanda ya ce a bar gona saboda ƙwaro alhali rumbu ba komai, bai san yunwa ba. Shi ya sa na kasa zama kwanakin nan. Na je ƙofar Sarkin Noma na juyo, na sake zuwa na sake juyowa, domin ban san yadda ake cewa mutum ya mayar da alherinsa ba.

To ga abin da na zo da shi. Gonata ta bakin rafi kun san ta, ta fi ta gindin dutse girma, ta fi ta ƙasa mai kyau. Gwiwoyina sun daina kai ni, 'ya'yana suna birni ba mai waiwayarta. Ku kai garmunan can. Ku kai irin can, ku kai gangar can. Duk abin da ta bayar, dami ko buhu, rumbun Hajiya Safara'u za a kai, bana da baɗi, har iyakar raina. Salamatu ta yarda. Ita ce ma ta ce in na sauka daga nan ban faɗa ba, kada in dawo mata gida.

Amma gonar gindin dutse ba tawa ba ce. Ta magada ce, sai abin da suka ce.

Zayyad, ɗana, kai ka amsa wa Sarkin Noma a yi gayyar nan, kuma daidai ka yi. Na san yadda yake ci maka rai in ka ji ana cewa gonar ubanka ta zama daji. Ina so ka sani yau, a gaban jama'a, ba lalaci ba ne. Gonar nan ita ce aikin da ya fi kula da shi. Bushira, 'yata, ke kika bi sawunsa, ke ke koyar da abin da ya koyar, madubinsa ma ke ya bar wa. Kin ce mini in an sami namiji za ki iya ƙarasa aikin, ki kai wa masanan, a rubuta. Ban san ko zai tabbata sabon iri ba. Shi ma bai sani ba, kullum cewa yake, "Sai an duba." Ina roƙon a ba ki damar dubawa. Hajiya, ke kika fi kowa shan wahalar ƙwarin nan, ke kuma za ki fi kowa jin rashin hatsin. Ba ni da bakin da zan matsa miki. Damina ɗaya nake roƙo, bayanta ku yanke abin da kuka ga dama.

Na gama abin da zan iya. Zan ɗan tsaya a nan, Allah ya sa ban ɓata wa kowa rai ba.

Na ga an buɗe ƙofar gidan. Furera ce, ƙanwar Hajiya, ta nufo nan da abu a hannu. A ba ta hanya. Matso, Furera. Za ki faɗa a lasifika, ko in faɗa? To, faɗa mini, ni in isar.

Jama'a, ga saƙon Hajiya Safara'u. Ta ce shekara da shekaru tana share buzuzu daga ɗakinta tana mita, ta tsince su a cikin kwanonta, ta tsince su a aljihun wanki. Ta ce tun da aka fita da shi ba ta ga ko ɗaya ba, gidan ya yi mata faɗi. Ta ce a bar gonar. Ta ce kazarta ba za ta mutu a banza ba.

Ku ba ni minti ɗaya. Tsufa ne, ido ba ya riƙe ruwa.

Ga kuma abin da ta aiko da shi. Kwalbar ce, wadda ke ƙarƙashin matashinsa. Ta ce ba ni za a ba ba, wai ni da surutu zan tsaya. Ta ce a ba Sarkin Noma, domin duk garin nan ba mai riga shi isa gona. Zayyad ya miƙe, ya ce abin da mahaifiyarsa ta faɗa shi ne nasa. Allah ya yi maka albarka, zauna.

Sarkin Noma, ga ta, riƙe da kyau. Me ka ce? Ɗaga murya, ko bari in maimaita wa na baya. Ya ce gayya tana nan ba a fasa ba. Ya ce shanun huɗa su wuce bakin rafi kai tsaye, amma kowane mai ƙafa biyu ya fara biyowa ta gindin dutse, ba garma ba fartanya, ganga ma a bar ta a bakin hanya. Ardo kuma ya ce kafin magariba zai sa a kora shanu ciki, don a kwana da sabon kashi. Sarkin Noma yana tambaya, wai yaya na ce ake gane namijin? Ƙafafun gaba, ranka ya daɗe. Dogaye, sun lanƙwasa ciki kamar lauje. In ka gan shi kada ka matse shi, ka kira Bushira. Kaji kuma kowa ya kulle nasa.

Na ji ɗigo a hannuna. Masu tabarmi ku fara naɗewa, amma ku tsaya mu yi addu'a, ba za mu jiƙe da yawa ba.

Muna godiya ga wakilin Hakimi da Dagaci da Liman da malamai. Muna godiya ga baƙinmu na nesa, Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Muna godiya ga tsofaffin ɗalibai da suka haɗa taron nan, da matan da suka yi girki, da duk wanda ya ce yana cikin gayya.

Ya Allah, bawanka Gwadabe ya zo gare ka. Ya kalli ƙanƙanin abin da ka halitta bai raina shi ba, kai ma kada ka raina ƙanƙanin aikinsa. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa ilimin da ya bari ya riƙa binsa da lada. Ka ba Safara'u da 'ya'yanta haƙuri, ka cika rumbunsu. Ka ba mu damina mai albarka, ka zaunar da manomi da makiyayi lafiya. Ya jira ruwan nan bai gan shi ba. Ga shi yana sauka a kan kabarinsa, ya Allah ka sa ya zame masa rahama. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Liman zai rufe mana da Fatiha. Gobe in Allah ya kai mu, duk wanda zai shiga gonar Malam, ya dubi ƙasa kafin ya ajiye ƙafa.